Yadda Ake Jinyar Uwa Ko Uba Idan Cutar Mantuwa Ta Shigo Gida

Shekara shida muka yi muna jinyar mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, kuma biyun farko a gardama da ita suka ƙare. Ta ce ba a ba ta abinci ba, mu ɗauko kwanon da ta gama cinyewa mu nuna mata. Ta ce an sace mata kuɗi, mu yi ta rantsuwa har murya ta dushe. Mun ɗauka idan muka dage da bayani za ta dawo hayyacinta, ba mu san ma'ajiyar da bayanin zai zauna a cikinta ce ta lalace ba. Ranar da muka gane haka muka daina ƙoƙarin gyara mata tunani, muka koma gyara halinmu, da gidan, da tsarin yininta. Matakan nan wasu daga bakin likitoci muka same su, wasu daga kurakuran da har yau nake jin zafinsu.

Ku fara da asibiti, a san sunan abin

Za ku ji ana cewa gigin tsufa ne, duk wanda ya daɗe a duniya sai ya yi. Ba haka ba ne. Tsufa yana sa mutum ya manta inda ya ajiye makulli, daga baya ya tuna. Amma ya riƙe makullin ya rasa me ake yi da shi, ko ya ɓata a hanyar da ya shekara 40 yana bi, wannan cutar ƙwaƙwalwa ce, ba hauka ba, ba kuma taurin kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, kuma kusan miliyan 10 ke kamuwa da ita duk shekara. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, wadda ta ci sunan likitan Jamus Alois Alzheimer da ya fara bayyana ta a 1906. Tana soma ɓarna ne daga sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu, shi ya sa Inna take jero sunayen ƙawayenta na ƙuruciya ba gargada, amma ba ta san ta ci abinci minti goma da suka wuce ba.

Akwai nau'in da ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Akwai wanda likitoci ke kira na Lewy, mai zuwa da gane-gane da taurin jiki, kuma maganin kwantar da hankali irin su haloperidol yana iya yi wa mai shi mummunar illa. Ga kuma abubuwan da ke kwaikwayon cutar alhali suna jin magani: ƙarancin bitamin B12, raunin ƙwayar tairod ta maƙogwaro, ciwon damuwa, ko magungunan da suka yi wa tsoho yawa. Ba mai rarrabe waɗannan sai likita da gwaji.

Ku tafi da duk magungunan da yake sha cikin jaka ɗaya, har waɗanda aka saya ba da takardar likita ba. Wanda yake kwana da tashi da shi ya raka shi, da rubutaccen bayanin abin da aka lura da lokacin da ya fara. Ku miƙa wa likita takardar, kada ku zauna kuna lissafa kasawarsa a gabansa. Yana ji, kuma yana jin kunya. Idan an rubuta magani irin su donepezil ko memantine, ku sani sassauta alamomi suke yi na wani lokaci. Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar, saboda haka duk wanda ya ce yana da shi, ku riƙe kuɗinku, jinyar za ta buƙace su.

Ku zauna da 'yan'uwa tun yana iya faɗin ra'ayinsa

Wannan zaman aka fi ɗagewa, shi kuma aka fi nadamar ɗagewa. Akwai ranar da ba zai iya sa hannu a takarda ba. Tun da sauran hankalinsa ku tambaye shi: wa ya yarda ya riƙe masa katin banki da takardun gida da na fansho? A ina yake so ya zauna idan ƙarfi ya ƙare? Ku nemi lauya ya rubuta takardar wakilci yadda dokar ƙasarku ta tanada, wasiyya ma a kammala ta. Wanda ya riƙe kuɗi ya riƙa rubuta shiga da fita kowa ya gani, kada zargi ya raba zumunci. Ku bar masa 'yan kuɗi a jiki. Mutumin da ya ciyar da gida duk rayuwarsa ba ya jure jin aljihunsa wayam. Idan yana tuƙi, a tsayar da shi da zarar ya soma rikicewa a hanya, kuma maganar ta fi shiga idan ta fito daga bakin likita.

Sannan a raba aiki da suna da rana. "In kina buƙatar wani abu ki kira ni" ba taimako ba ne, domin mai jinya ba ta da sauran ƙarfin roƙo. A ce wane Asabar da Lahadi, wance daren Talata, wane kuɗin magani, wane kaiwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in wannan jinya mata ne ke ɗauke da su. Ku kuma shirya wa ɗan'uwan da zai zo daga nesa ya yi awa ɗaya ya ce, "Ni na ga lafiyarta lau, kuna dai zuzutawa ne." Mai wannan cuta yakan tattaro ragowar ƙarfinsa ya gaisa da baƙo tsaf, baƙo na fita ya zube. Kada ku yi musu da ɗan'uwan. Ku ce ya kwana uku.

Magana da shi: nan aikin yake

Ku zo masa ta gaba, kada ku dafa shi ta baya. Ku rusuna ko ku zauna kusa, ku faɗi ko ku wane ne kafin komai: "Baba, ni ce 'yarka, na kawo maka ruwa." Ku hana masu dubiya wannan jarrabawar ta "Ka gane ni? To wane ne ni?" Ba ta dawo da komai, sai dai ta jefa shi cikin kunya da tsoro. A kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana, gajeriya, buƙata ɗaya. Maimakon "Me za ka sa?" ku ɗaga riga biyu ku ce, "Wannan ko wannan?" In kun yi tambaya ku ƙirga goma a zuci kafin ku sake. Kada ku yi masa muryar da ake yi wa jariri. Dattijo ne, yana gane raini ko da bai gane kalmomin ba.

Zai yi tambaya ɗaya sau 20, kuma a wurinsa kowace ita ce ta farko. Ku amsa a taƙaice, sannan ku nemi damuwar da ta haife ta. Inna takan yi ta tambayar ƙarfe nawa da rana tsaka. Sai daga baya muka gane lokacin da take jiran dawowarmu daga makaranta ne muna yara. Da muka fara cewa, "Yara duk sun dawo, Inna, sun ci sun ƙoshi," sai ta yi ajiyar zuciya ta yi shiru.

Mafi wuya ita ce tambayar waɗanda suka rasu. Babanmu ya shekara 11 da rasuwa lokacin da ta fara cewa, "Ina babanku, har yanzu bai shigo ba?" Muka faɗa mata gaskiya, ta yi kuka irin na ranar farko. Washegari ta sake tambaya, muka sake faɗa. Sau uku muka sa ta sabon makoki a mako ɗaya. Ba ina cewa ku saba da ƙarya ba ne, ni ma ba na son ta. Akwai hanya a tsakani: ku bar tambayar, ku kama kewar da ke cikinta. "Kina kewarsa ko, Inna? Wai yaya aka yi kuka fara haɗuwa?" Sai ta shiga labari, fuskarta ta saki. Idan kuwa ta dube ku ta tambaya kai tsaye ko ya rasu, ku ce e cikin taushi, ku zauna tare da ita har abin ya lafa.

Haka "Ni gida zan tafi," alhali a ɗakinsa yake zaune. Ba gini yake nufi ba, wurin da ya san kansa kuma ya san kowa yake nema. Kada ku tare ƙofa kuna cewa ai nan ne gida. Ku ce, "To Baba, bari in ɗauko takalmina," ku ɗan zaga tare, ku dawo a zauna a huta.

Zargin sata yana ƙona zuciya, kuma yakan faɗa ne kan wadda ta fi kowa wahala da shi, 'ya ko suruka ko mai aiki. Shi ya ɓoye abin ya manta, da ya rasa sai ya ga ba wanda zai yi haka sai ɓarawo. Ku ce, "Kai, abin ba daɗi, zo mu duba tare." Ku san maɓoyansa, ku leƙa kwandon shara kafin a zubar, tabarau da makulli a yi na biyu a ajiye. Sauran dangi kuma su fito fili su wanke wadda ake zargi. Amma in kun ga rauni a jikinsa, ko yana firgita da ganin wani mutum guda, ku bincika da gaske.

Idan ya fusata har ya kai hannu, ku ja da baya, ku sassauta murya, ku ba shi minti 15 ku dawo kamar ba a yi ba. Sannan ku nemi dalili, domin wanda harshe ya guje masa da jiki yake magana: ciwon haƙori, fitsari ya matse shi, kwana uku bai yi bayan gida ba, zafi, yunwa, hayaniya. Ku riƙa rubuta lokacin da abin da ya faru kafin nan. Ba a daɗewa ake gano bakin zaren.

Gidan da tsarin yini

Ku zaga ɗaki-ɗaki da idon wanda ba ya gane haɗari. Magunguna, maganin ƙwari, sabulun ruwa mai kama da abin sha, wuƙa, ashana, duk a kulle. A rufe tukunyar gas bayan girki. A ɗauke ƙananan dardumomi da wayoyin da ke ƙasa, domin karayar ƙugu tana kwantar da tsoho kwanciyar da ba kowa ke tashi ba. A bar fitila a kunne daga gado zuwa banɗaki, a cire sakatar ciki kada ya kulle kansa. Idan ya fara faɗa da mutumin cikin madubi, a rufe madubin. Kada a riƙa yawo da shi daga gidan wannan ɗa zuwa na wancan da sunan adalci. Kowane sauyi ƙara masa ruɗewa yake yi. Gara masu jinyar su riƙa zuwa inda yake.

Fita ba a sani ba kuwa, ku ɗauka zai yi ko bai taɓa ba. Ku sa sakata can sama inda idonsa ba ya kaiwa, ku rataya ƙararrawa a ƙofa, amma kada a kulle shi shi kaɗai a gida saboda gobara. Ku ɗinka lambar waya a cikin rigunansa, ku ajiye sabon hotonsa a waya. Ku faɗa wa maƙwabta gaskiya. Ɓoyewa don kunya ita ke sa a gan shi yana wucewa a ɗauka yawonsa ya fito. In ya ɓata, ku duba kusa na minti 15, musamman wuraren ruwa, sannan ku sanar da 'yan sanda, kada ku jira gari ya waye.

Tashi, wanka, abinci, hutu, barci, kowanne a lokacinsa kullum, domin abin da tunani ya saki sabo yana riƙewa. Ku bar shi ya yi abin da yake iyawa ko da bai yi daidai ba: ninke kaya, share ƙofar ɗaki, ba shuka ruwa. Waƙoƙi da karatun da ya haddace tun yana yaro sukan daɗe bayan magana ta fara tafiya, ku kunna masa su.

Yamma takan zo da rikici. Da rana ta yi sanyi sai ya kasa zama, ya haɗa kaya, inuwa ta rikiɗe masa ta zama mutane. Ku kunna fitilu tun kafin duhu, ku ja labule, ku rage baƙi. Da safe ya sha hasken rana ya taka ƙafa, barcin rana kada ya yi tsawo. Kada ku sayo maganin barci da kanku. Yana ƙara ruɗewa da faɗuwa.

Wanka, abinci, banɗaki

Ƙin wanka ba ƙazanta ba ce. Tsoro ne, da sanyi, da kunyar tsiraici a gaban ɗan da ka haifa. Ku haɗa komai kafin ku kira shi, ku gwada ɗumin ruwa da hannunku, ku zaunar da shi a kujera, ku yafa masa tawul ku riƙa wanke sashe-sashe. Ku fara daga ƙafa ko hannu, kada ku kwarara masa ruwa a ka. Ku ba shi soson ya riƙe, ku faɗi abin da za ku yi kafin ku yi. In wanka ya zama yaƙi, sau biyu ko uku a mako ya isa, muddin ana goge fuska da hammata da gaba da baya kullum.

Wajen ci, kwano ɗaya a gabansa, mai launin da ya bambanta da na abincin, domin gani ma yana rikicewa. Ku zauna ku ci tare, zai kwaikwaye ku. Ba ya jin ƙishirwa kamar da, ku miƙa ruwa a kai a kai ba sai ya nema ba. In ya ce bai ci ba, ku ba shi ɗan kaɗan. Raba abincin yini gida biyar ya fi gardama sauƙi. Idan ya fara tari yana ci, ko ruwa yana sarƙe shi, ko yana tara abinci a kumatu, ku gaya wa likita. Ya zauna a miƙe, loma ƙanana, abinci mai laushi, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30. Abincin da ya bi hanyar iska yana jawo ciwon huhu, wanda ke cikin abubuwan da suka fi kashe masu wannan cuta.

Banɗaki kada ku jira ya nema. Ku kai shi duk bayan awa biyu ko uku, da kafin barci. In ya saki a jiki, ku ce, "Ruwa ya zuba, bari mu canza," ku yi shiru a kan sauran. Leda a kan katifa, famfas na manya in lokaci ya yi, a wanke fata a busar da wuri.

Canjin da ya zo dare ɗaya

Cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni. Idan cikin kwana ɗaya ko biyu ya rikice fiye da kima, ko barci ya danne shi, kada ku ce ita ce ta ci gaba. Sau da yawa wani abu ne daban ya shigo: cutar mafitsara ko ta huhu, ƙarancin ruwa a jiki, taurin bayan gida, ko sabon magani. Tsoho yana iya ɗauke da cuta jikinsa bai yi zafi ba. Asibiti a ranar. Haka in ya faɗi ya bugu a ka. In kuwa baki ya karkace ko hannu ya saki, nan take.

Ke mai jinya

Ke da nauyin ya fi sauka a kanki, za ki yi tsawa wata rana, ki koma ɗaki ki yi kuka. Za ki yi kewar mutumin da ke zaune a gabanki. Wata rana ma zuciya za ta raya miki da ma a huta, ki tsorata da kanki. Ba rashin ƙauna ba ne, gajiya ce ta kai maƙura. In kin ji hannunki na neman ɗagawa, ki tabbatar yana wuri mai aminci ki fita minti goma. Ki nemi yini guda a mako wanda ba ki da alhakin kowa, ki sa a rubuta shi cikin rabon aiki. In barci ya ƙaurace miki makonni, ko kin daina jin daɗin komai, ki ga likita don kanki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darussa na kyauta don masu wannan jinya, mai suna iSupport, ana samunsu a intanet. Ɗaukar mai taya jinya, ko kai shi inda ƙwararru za su kula da shi idan gida ya gaza, ba yasar da iyaye ba ne.

Idan ya kwanta

A ƙarshe tafiya za ta gagara, magana ta ragu zuwa kalma ɗaya ko biyu. A juya shi duk bayan awa biyu, a sa filo tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙafa yadda diddige ba zai taɓa katifa ba. Kullum a duba ƙugu, ɗuwawu, diddige da kafaɗa. Wurin da ya canza launi bai koma ba shi ne farkon gyambon kwanciya. Ciwo kuma a jiki ake karanta shi: yamutsa fuska, nishi, ƙanƙamewa idan an taɓa shi. Ku nemi maganin ciwo, kada ku ce ai bai yi ƙorafi ba.

Zai rage ci, kada ku yi masa ɗura. Ku tattauna da likita tun da wuri a kan bututun abinci. A wannan mataki bincike bai nuna yana ƙara kwana ko hana ciwon huhu ba, shi ya sa likitocin tsofaffi suka fi ba da shawarar ciyarwa da hannu a hankali, gwargwadon abin da ya karɓa. Ku jiƙa masa leɓe da auduga mai ruwa, ku shafa mai. Ku ci gaba da gaishe shi in kun shiga, kuna faɗin sunanku, kuna riƙe hannunsa. Watannin Inna na ƙarshe ba ta kira sunan kowa ba, amma in na zauna gefenta ina taje mata kai, sai numfashinta ya daidaita ta yi barci, don haka na mayar da shi aikin kowane dare bayan an juya ta.